Kwana 26 a gefen gadon Baba

Ranar da aka kwantar da Baba a asibiti, abin da na kwaso daga gida tabarma ce da buta da fulas ɗin shayi da carbinsa. Ban ɗauko matashi ko ɗaya ba. Ni a ganina aikin mai jinya zama ne da sayo magani da amsa gaisuwar masu dubiya.

Bayan tsakiyar watan Afrilu ne, lokacin da garinmu Garwa, a arewacin Kamaru, ke tafasa, zafi ya haura digiri 40 tun kafin azahar. Baba ya dawo daga sallar asuba, ya miƙa hannun dama zai ɗauki buta, sai butar ta suɓuce. Inna ce ta fara lura bakinsa ya karkace. Maƙwabcinmu ya kai mu da motarsa. Da aka auna jininsa aka ce tansiyo 21 bisa 12. Mu nan haka ake ƙirgawa, irin na Faransa. 'Yan uwanmu na Yola da na yi wa waya sai da na ce musu 210 bisa 120 kafin suka yi salati. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, hawan jini ya kawo ta. Aka ba mu gado a ɗakin maza, gadaje takwas, namu na kusa da taga.

Ni ne ɗan fari. Ƙanena yana koyarwa a Marwa, ƙannena mata kowacce na ɗakinta, Inna kuma gwiwa ba ta barinta kwanan ƙasa, balle a ɗakin maza. Na bar wa yaron shago makullin rumfar atamfata a kasuwa, na zama abin da ma'aikata ke kira gardi-malad, wato ɗan uwa mai zaman jinya.

Wanda bai taɓa jinya a asibitocinmu ba bari in gaya masa yadda aikin yake rabe. Allura da ƙarin ruwa da awon jini da wankin ciwo na ma'aikatan jinya ne. Abinci, wanka, fo, wanki, gudu zuwa kantin magani da takarda a hannu, duk naka ne. Ba ƙorafi nake yi ba. Na zauna da dare na ƙirga gadajen da mutum biyu masu aikin kwana ke zagayawa, na san ko aljanu ne ba za su iya yi wa kowa wanka ba. Abin da ke ci mini rai kawai shi ne, rabon da aka bar wa dangi shi ne wanda ba a koya wa kowa. Ana miƙa maka mutum kwance, sai ka yi ta lalube.

Farkon abin da ya kayar da ni kunya ce. Baba bai taɓa kiran sunana ba tun da na yi wayo, ni ma ban taɓa ganinsa ba hula ba sai in zai yi alwala. Daren farko ya ɓata shimfiɗa. Na tsaya da tsumma a hannu, shi ya juya fuskarsa bango, hawaye na bin gefen idonsa. Wani dattijo da ke jinyar ƙanensa a gadon da ke kallon namu, mutumin Lere ta ƙasar Cadi, shi ya taso ba tare da na kira shi ba. Ya ɗaura igiya daga ƙarfen taga zuwa ƙusar bango, ya rataya zani, muka samu labule. Ya ce mini da Fulatanci, a hankali yadda Baba ba zai ji ba: kada ka taɓa tuɓe shi gaba ɗaya. Ka lulluɓe shi da mayafi, ka buɗe wurin da za ka wanke kaɗai, ka tsane, ka rufe, sannan ka buɗe na gaba. Ka fara daga fuska, ka gama da wurin najasa, tsumman fuska daban na ƙasa daban. Kuma kafin hannunka ya sauka a jikinsa ka faɗa masa abin da za ka yi.

Wannan ta ƙarshen na ɗauke ta ƙaramar magana, ashe ita ce babba. "Baba, zan ɗaga hannunka." "Baba, ruwan da ɗan ɗumi." Mutumin da bakinsa ya mutu kunnensa na nan, hankalinsa na nan. Ranar da na fara yi masa magana haka, a ranar ya daina ƙanƙame jiki in na matso.

Yanzu ga laifina, wanda saboda shi na zauna rubuta wannan.

Kwana huɗu na farko na bar Baba a rigingine. In na motsa shi sai ya yi nishi, ni kuma zuciyata ba ta ɗauka. Kawu ya zo ya ce, "Ku bar bawan Allah ya huta, ku daina jujjuya shi kamar waina." Na ji daɗin maganar, domin ta yi daidai da abin da nake so in ji. Ina yi masa fifita, ina goge masa gumi, ina ganin ba ɗan da ya kai ni tausayi.

Ranar ta biyar shugabar ma'aikatan ɗakin, wadda ake kira manjo, ta tsaya a kanmu. Dattijuwa ce 'yar kudu, amma ta daɗe a arewa har Fulatancinta ya fi nawa. Ta tambaye ni yaushe rabon da a juya shi. Na yi shiru. Ba ta yi faɗa ba. Ta sa safar hannu, ta ce in kama, muka karkata shi. A ƙasan bayansa, daidai ƙashin da ke saman ɗuwawu, ga wani tabo ya yi baƙi ƙirin yana sheƙi, faɗinsa kamar ƙwandalar dala ashirin, tsakiyarsa fata ta saɓule. Ta ce su eskar suke ce masa. Mu gyambon kwanciya.

Ta ce in danna farcen babban yatsana. Na danna, ya yi fari. Ta ce in saki, jini ya dawo. Ta ce to, abin da nauyin jikin mahaifinka ke yi wa naman da ke tsakanin ƙashi da katifa ke nan, sai dai shi ba mai sakinsa. Mai lafiya ko barci yake yi yana motsawa bai sani ba. Wanda ɓarinsa ya shanye ba ya iyawa, wani lokaci ma ba ya jin zafin da zai sa ya nemi a juya shi. Jini ya daina isa wurin, nama ya fara mutuwa, kuma sau da yawa daga ciki kusa da ƙashi yake farawa, shi ya sa abin da ido ke gani a sama ya kan fi na ƙasa ƙanƙanta. Ba sai an yi mako ba, sa'o'i kaɗan sun isa a fara ɓarna.

Ta ƙara wata magana da ban manta ba. Ta ce a makaranta an koya musu su nemi wurin da ya yi ja, amma a fatarmu ja ba ya fitowa sosai. Sai dai ka ga wurin ya fi kewayensa duhu ko yana sheƙi, ka sa bayan hannu ka ji ya fi zafi, ko ya yi tauri, ko ya yi laushi kamar ruɓaɓɓen mangwaro. Ta bi da ni wuraren da zan riƙa dubawa safe da yamma: ƙeya, allon kafaɗa, gwiwar hannu, ƙasan baya, kwatangwalo, idon sawu, dunduniya. Duk inda ƙashi ya matso fata.

Na ce, "Madam, in samo man zafi in murza masa?" Ta harare ni ta saman tabarau. Ta ce wurin da ya riga ya ji rauni ba a murza shi, murzar ƙara yaga naman take yi. Ciwon kuma kada in sa masa komai, ba toka, ba garin magani, ba man kaɗanya. Wankinsa da rufe shi nasu ne. Nawa shi ne in hana nauyi komawa kansa. Ta yage marfin kwalin ƙarin ruwa, ta rubuta 6, 8, 10, 12, har zagayowar agogo, gefen kowace lamba ta sa dama ko hagu. Baya babu, sai ciwon ya warke. Ta ce in aika gida a kawo matasai huɗu.

Rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Matasan suna jibge a ɗakin Inna tun ranar farko.

Juyawar ma da iyawarta. Ba a kwantar da mutum tsaf a kan kwatangwalo, in ka yi haka ka ɗauke gyambo daga baya ka kai shi gefe. Karkata shi ake yi kaɗan, kamar digiri 30, a tokare bayansa da matashi ɗaya. Na biyu tsakanin gwiwoyi don kada ƙashi ya gogi ƙashi. Na uku a ƙarƙashin hannun da ya shanye. Na huɗu a ƙarƙashin sharaɓa, yadda dunduniya za ta yi lilo a iska, in ka zura tafin hannu ya wuce. Hannun da ya mutu kuwa ba a jan mutum da shi ko kusa, domin naman da ke riƙe kafaɗar ya saki, ja ɗaya na iya gurɗa ta. Kuma in ya zame ƙasan gado ba a jan shi sama a kan zani, gogar tana saɓule fata. Ana ninka zani a shimfiɗa a ƙarƙashinsa daga kafaɗa zuwa cinya, mutum biyu su kama gefe da gefe su ɗaga.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai muka ƙulla yarjejeniya da mutumin Lere. Na sa ƙararrawa a wayata. In ta buga ƙarfe biyun dare, mu juya Baba, mu tsallaka mu juya ƙanensa, kowa ya koma tabarmarsa. Ƙarfe huɗu haka. Makon farko na ji kamar zan haukace don barci. Shi ya koya mini in riƙa durƙusawa da gwiwa maimakon sunkuyawa da baya, bayan da ya ga ina tafiya a dafe da ƙugu kamar tsohon da ya shekara tamanin.

Zafi ya ƙara mana aiki. Katifar asibiti leda ce a samanta, dole ne don a iya goge ta da jabel, ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta, amma a watan Afrilu kwanciya a kanta kamar kwanciya a kan tanda ne. Gumi da fitsari suna jiƙa fata ta yi laushi, jiƙaƙƙiyar fata kuma ba ta jure komai. Lokacin ne kuma ruwan madatsar Lagdo, wadda ke ba mu wutar lantarki, ke ja da baya, wuta ta yi ta ɗaukewa, fanka ta tsaya. Nan sana'ata ta yi mini rana. Na sa yaro ya yanko mini yadin auduga zalla, ba mai roba ba, aka dinka zannuwa huɗu. Ɗaya a gado, ɗaya a ninke, biyu a igiya. Rana irin ta Garwa kafin ka sha shayi ta busar da su. Duk juyawa sai na shafa tafin hannu a kan zanin in miƙar da shi, domin ƙaramin ninki ma yana shata fata. Wata rana na tsinci ƙwallon dabino a ƙarƙashin cinyarsa, wani mai dubiya ya ci ya yar. Ya bar rami a jikinsa da bai ɓace ba sai da yamma.

Abu na biyu da ya kusa yi mana illa ruwan sha ne. Wa zai ce ruwa abin tsoro ne? Goggo ta zo da rubutu a kwalba, Baba na kwance ta tallafi kansa ta ɗura masa. Ya sarƙe, ya yi ta tari har idonsa ya firfito, bayan nan muryarsa ta koma kamar mai magana a cikin ruwa. Ma'aikacin da ke aiki ranar ya zo da gudu. Da ƙura ta lafa ya yi mana bayani: a maƙogwaro hanya biyu ce, ta abinci da ta numfashi, akwai ɗan murfin da ke rufe ta numfashi in mutum zai haɗiya. Shanyewar jiki kan raunana wannan aiki. Abin da ya ɓace hanya huhu yake tafiya, bayan kwana ɗaya ko biyu sai zazzaɓi da ciwon huhu, kuma wannan na cikin abubuwan da suka fi kashe masu irin ciwon Baba bayan sun tsallake kwanakin farko. Ruwa tsararo ya fi saurin ɓacewa domin gudu yake yi. Abu mai ɗan kauri ya fi biyuwa.

Daga ranar ba wanda ya ƙara ba Baba komai sai ni. In tayar da shi zaune sosai, in tokare shi, kansa ya ɗan sunkuya gaba. Kunun gyaɗa mai kauri, da ƙaramin cokalin shayi, ta ɓangaren bakin da ke da lafiya. In zuba ido a maƙogwaronsa sai na ga ya hau ya sauka kafin in ƙara. Ba hira lokacin cin abinci. Kofi ɗaya kan ɗauke mu rabin sa'a, bayan an gama kuma ya ƙara rabin sa'a a zaune kafin ya kwanta. Sannan in naɗe yatsa da bandeji mai tsabta in share cikin kuncin da ya shanye, domin abinci na maƙalewa a can bai sani ba, in goge masa haƙora da asuwakinsa, in shafa masa mai a leɓe. Bakin da aka bari da datti shi ma hanyar ciwon huhu ne, ga shi yana kashe wa mutum sha'awar abinci.

Ban yi rigima da Goggo a kan rubutu ba. Na ce, "Goggo, ki ba ni, ni zan riƙa ba shi." Ina dama masa kunu da shi, saura in shafa masa a fuska. Amma ranar da wani abokin Baba ya kawo jiƙon sassaƙe a galan ya ce yana tayar da shanyayye cikin kwana uku, na karɓa na gode, na kai wa likita ya gani, ban ba shi ko ɗigo ba. Mutum na shan maganin hawan jini iri biyu, ka ƙara masa abin da ba wanda ya san ƙarfinsa, in jinin ya faɗi wa za a tambaya?

Dubiya sunna ce, kuma Baba na jin daɗinta, na ga yadda idonsa ke haske in abokan zaman majalisarsa suka shigo. Sai dai ranar Juma'a ta farko na ƙirga mutum 17 a kewaye da gado ɗaya, wasu zaune a kan katifar, kowa daga kasuwa yake, kowa sai ya kama hannunsa. A bangon ɗakin akwai wata takarda ta Hukumar Lafiya ta Duniya mai zanen hannuwa, an rubuta wanki da sabulu daƙiƙa 40 zuwa 60. Na auna da agogo na ga ni ko goma ba na kaiwa. Na ajiye buta da sabulu da roba a bakin ƙofa, na ce uku-uku za a shiga, kuma ba zama a gado. An ce na zama bature. Wani ma ya ce tun da na fara kwana da likitoci nake jin kaina. Na shanye.

Sauran ƙananan abubuwa na koye su ne da kuskure ɗaya-ɗaya. Jakar fitsari a ƙasa da mara take zama, a rataye a jikin gado, ba a kan katifa ba ba kuma a ƙasa ba. Na taɓa ɗora ta kan gado lokacin juyi, aka nuna mini yadda fitsarin ke komawa ciki da ƙwayoyin cuta. Ƙarin ruwa ba a taɓa maƙunninsa ko da ka ga yana ɗiga a hankali kamar ba zai ƙare ba, lissafi ne aka yi. Naka shi ne ka kira ma'aikaci in wurin allurar ya kumbura, ko ya yi zafi, ko ruwan ya kusa ƙarewa. Gidan sauro kuwa ko a rani ban yarda mun kwana ba shi ba, ba mu da wurin ajiye zazzaɓin cizon sauro a kan abin da muke ciki.

A mako na uku ƙarfi ya fara dawo masa, wani sabon haɗari ya zo da shi. Wani dare na farka na ga ƙafarsa mai lafiya a ƙasa, yana ƙoƙarin miƙewa. So yake ya je ya kama ruwa da kansa ya yi alwala, ya gaji da fo, ya gaji da ɗansa na ganin tsiraicinsa. Gadon ba shi da ƙarfen gefe. Da na ƙara minti ɗaya ina barci da sai dai a tsince shi a siminti. Washegari muka tura gadon ya jingina da bango, na mayar da tabarmata ɓangaren da ke buɗe, na ɗauko masa dutsen taimama daga gida na ajiye inda hannun hagunsa zai kai. Mai motsa gaɓoɓi ya koya mana tashi daki-daki: ya zauna a bakin gado tukuna, ƙafafu a ƙasa, a jira jiri ya wuce, sannan ya miƙe ina tsaye ta ɓangaren da ya shanye. Silifas kuma aka hana, sai takalmi mai kama dunduniya.

Ranar 12 ga Mayu wasu daga cikin ma'aikatan suka zo da anko. Ni mai atamfa, ido na ya riga bakina, na tambayi manjo bikin wa ake yi. Ta ce ranar ma'aikatan jinya ce ta duniya, ranar haihuwar wata baturiyar Ingila, Florence Nightingale, da aka haifa a 1820, wadda ta yi jinyar sojoji a yaƙin Kirimiya ta kuma tsara aikin jinya yadda ake koyar da shi yau. Baba na jinmu. Lokacin ya fara haɗa kalma ɗaya-ɗaya, da ƙyar. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Rufaida." Sai da ya maimaita sau uku na gane. Rufaida al-Aslamiyya yake nufi, sahabiyar da ke da tanti a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, wadda a tantinta aka kwantar da Sa'adu bin Mu'azu bayan kibiya ta same shi a yaƙin Handak. Na fassara wa manjo. Ta yi dariya ta ce to Alhaji ya warke, tunda har ya fara yi mata gyara.

Bayan kwana biyu aka sallame mu. Gyambon bai gama rufewa ba. Abin da kwana huɗu suka haƙa sai da ya ci kusan wata biyu ana wanki kafin ya cike, tabonsa na nan har yau. Mutumin Lere ya riga mu tafiya da mako guda, ƙanen nasa ya samu sauƙi, ko lambar waya ba mu karɓa ba.

Ina naɗe kaya aka shigo da wani tsoho a kan gadon turawa, aka ba shi gadon da ke kusa da namu. Saurayin da ke biye da shi bai fi shekara ashirin ba, riƙe da tabarma da buta. Na tambaye shi ko tsohon na iya juyawa da kansa, ya ce a'a. Na ciro matasai biyu daga ƙullin kayanmu na ba shi, na ɓamɓaro marfin kwalin nan daga bango na miƙa masa, na ce ya danna farcen babban yatsansa. Mai motar da ya zo ɗaukarmu ya yi ta hon a waje.

Da muka isa gida Inna ta kwance kaya ta ƙirga. Ta ce, "Huɗu na aika. Ina biyu?"